Ƙofar da Ke Buɗe Kanta a Kiru

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ji abin da kuke cewa ɗazu a bakin shago, wai ɗora injin ƙofar gareji aikin rabin yini ne: a buɗe kwali, a ɗaure noti, a ba shi wuta, a kama hanyar gida. Ban ce ƙarya kuka yi ba. In ƙofar lafiyarta ƙalau, bangon na siminti ne, wutar kuma ba ta rawa, to rabin yinin ma ya yi yawa. Sai dai ni tun da nake ban cika samun ukun nan a gida ɗaya ba. Bari in ba ku labarin na farko da na ɗora, a Kiru, cikin shekarun saba'in, lokacin da ko a birni sai ka sha tambaya kafin ka sami wanda ya taɓa ganin irinsa. Amma sai na fara da inda na koyi aiki, in ba haka ba sauran ba zai shige ku ba.

Aikin farko da na sa wa hannu ba ƙofa ba ce, wani injin jawo ƙasa ne daga ramin kuza a Riruwai. A lokacin an riga an kafa turaku a gonakin ƙauyenmu, an ce ruwan dam ɗin Tiga zai cinye wurin. Mahaifina ya ga ba gonar da zai bar mini, sai ya kai ni wurin amininsa Baba Ila. Shi Baba Ila maƙeri ne na gado, ya daɗe yana yi wa masu haƙar kuza gyara har ya iya walda da naɗin waya. Ranar da muka isa mun same shi a bakin rami, mutane sun kewaye shi. Injin yana ta tsinka bel, yana zafi har ba a iya dafa shi, mai ramin kuma ya dage sai a nemo masa wanda ya fi wannan girma. Baba Ila bai ko kalli injin ba. Ya sa aka kwance igiyar ƙarfen daga jikinsa, ya ce mini in ja bokitin da hannu, alhali ba komai a ciki. Na ja, na ji kamar jaki nake ja. Ya ce in hau in duba wilin da igiyar ke bi ta kansa a can sama. Da na hau sai na tarar yashi ya cushe shi, ba ya juyawa sam, igiyar gogarsa kawai take yi har ta ci ƙarfen.

Da na sauko ya ce, "Sani, inji ba ya kai ƙara. Abin da aka ɗora masa shi zai yi ta ja har ya mutu. In ka ga yana wahala, fara duba kayan da ke kansa."

Muka wanke wilin da kananzir, muka sa giris, injin ya koma aiki.

Rumfar Baba Ila ba ta kai rabin shagon nan ba. Akwai maƙera da zugazugi a gefe ɗaya, tukunyar kabaid ta walda a ɗaya gefen, sai sufanu da yake naɗewa cikin fatar akuya, kowanne da gurbinsa. In ka mai da sufana gurbin da ba nata ba, ba zai yi maka faɗa ba, kiranka kawai zai yi ya ce ka miƙo masa ita ido a rufe. Na daɗe ba abin da nake riƙewa sai magagari da guduma kafin ya bar ni in taɓa wutar walda. Shi ya koya mini in dafa bakin sukudireba a jikin inji, in kara ƙotar a kunnena, in ji ko ƙarfe na cin ƙarfe a ciki. Ku yanzu kuna da na'urar gwaji mai lambobi, abu ne mai kyau, ni ma ina amfani da ita. Amma ba za ta gaya muku sarƙa ta yi tsauri ba.

Shekarar da ya sallame ni na kafa tawa rumfar a gefen tashar Tudun Wada, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke. Dawa ta bushe a tsaye kafin ta fid da kai. Fulanin wajen Burumburum suna koro shanu kasuwa duk haƙarƙari a waje, ba mai tayawa. Wanda ke neman abin da zai sa a tukunya ba ya neman mai walda. Kabaid ɗina ya ƙare, ban iya sayen wani ba, na koma wa zugazugi. Na ƙera fartanya da garma daga tsofaffin sifirin na mota, suka yi ta tsatsa a gabana. Abin da ya riƙe ni shi ne liƙin tasa da bokiti, a ba ni ɗan tsaba ko ƙunshin rogo.

A cikin wannan halin aka tashi mutanenmu aka kai su sabon mazauni. Na je taya mahaifina gini, na tarar kowa ya tayar da ɗaki amma ba ƙyaure, sai asabari ko tsohon buhu. Akwai gangunan kwalta da masu aikin hanya suka watsar a gefen titi. Na roƙi izini na kwashe, na ƙona kwaltar, na buɗe su na daddake suka miƙe, na yi musu firam da 'yan maratayai. Na fara da ɗakin mahaifiyata, maƙwabta suka gani, na bi gida-gida. Can aka fara ce mini Sani mai ƙofa. Bayan 'yan shekaru ruwan dam ya fara amfani, mutanenmu wasu suka zama masunta, wasu suka kama noman rani. Tumatir da albasa da alkama suka samu, motoci suka yawaita, kowa yana son sito mai ƙofar ƙarfe. Na sake cika tukunyar kabaid.

Wata ranar kasuwa ina tsugune ina haɗa ƙofar wani sito, sai wata a-kori-kura ta tsaya a gabana. Wani dattijo ya fito a hankali yana dafa ƙugu, ya yi sallama.

"Kai ne Sani mai ƙofa?"

"Ni ne, Alhaji. Sannu da zuwa."

"Sunana Ɗanlami, daga Kiru. Zo ka ga wani abu a bayan mota."

Kwali ne dogo, da hoton ƙofa a jiki da wata mata cikin mota tana danna wani abu. Ya ce daga Legas ya sayo shi. Ya tambaye ni ko na taɓa ɗora irinsa, na ce ko ganinsa ban taɓa yi ba.

Ya ce, "To mun zama ɗaya. Amma an ce kana da haƙuri da ƙarfe."

A hanya ya ba ni labari. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, yana da injin niƙa, kuma motar nan tasa ita ce ke kai marasa lafiyar unguwarsu da ƙauyukan kewaye asibiti. Ba ya hana kowa, da kansa ma yake tuƙawa. Sai dai dakon buhun da ya yi da ƙuruciya ya gama da bayansa. Yana iya zama ya tuƙa, amma ba ya iya sunkuyawa ya ɗaga ko bokitin ruwa. Ƙofar garejinsa kuwa falle ɗaya ce ta baƙin ƙarfe, irin wadda ake ɗagawa sama, sai ƙarti sun taru sun cicciɓe ta a tokare da gwafa. Da damina duk ƙartin suna gona. Wata rana aka kawo wani manomi da kububuwa ta sara, ba kowa a unguwa sai mata da tsofaffi, mota tana ciki ana kallon ƙofa, har sai da aka kirawo mutane daga gona. Mutumin ya rayu, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Alhaji ya ce, "Ba don a ce ina da abin mamaki na saye shi ba. So nake ko ni kaɗai ne a gida in fitar da motar nan."

A cikin kwalin akwai injin kansa, wanda bai fi tukunyar miya girma ba, da dogon ƙarfe da sarƙa ke gudu a kai, da maɓallin bango, da wata 'yar akwati ta hannu mai batir wadda ake dannawa daga cikin mota. Akwai ɗan littafi da Turanci. Hedimastan firamare ya zauna da ni a zaure ya karanta mini shi tsaf, yana fassarawa ina duba hotuna. Daga nan na gane don ƙofa marar nauyi aka yi shi. In na ɗaura masa ta Alhaji yadda take, kafin sati ya ƙone.

Don haka na mai da shi kwali na fuskanci ƙofa. Na samo bututun ƙarfe biyu masu kauri na toshe gindinsu, na rataye su a gefe da gefe da igiyar ƙarfe, igiyar ta bi ta kan wilin tsohon babur ta kama ƙofar. In ƙofa za ta hau, su suna sauka, nauyinsu na taimaka mata. Na riƙa zuba musu guntayen ƙarfe kaɗan-kaɗan ina gwadawa. In ya yi yawa ƙofa ta ƙi zama a ƙasa, in ya yi kaɗan ta faɗo. Kwana da kwanaki ina wannan.

Alhaji ya gaji da kallo ya ce, "Sani, inji na kawo ka ɗora mini, na ga kamar rijiya kake haɗawa."

Na ce, "Allah ya ja kwana, tura ta da sandarka."

Ya sa bakin sanda ya tura, ƙofar ta tashi ta tsaya a tsakiya, ba ta hau ba, ba ta faɗo ba. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi dariya. Ya ce, "Ashe da na huta da zuwa Legas. Amma tun da na sayo, ɗora."

Bangon garejin na ƙasa ne, ba zai riƙe noti ba, jan farko injin zai tumɓuke shi. Sai da muka zuba ginshiƙan kankare biyu, na gicciya ƙarfen shasin tsohuwar babbar mota a kansu, a nan na ɗaure kan dogon ƙarfen. Na nemo tsakiyar ƙofa da zare da ɗan dutse, domin in ya karkace ko da yatsa ɗaya ne, ƙofar za ta riƙa tafiya a gicciye tana cin gefe. Sarƙa na bar mata ɗan sassauci. Akwai sukurori biyu a jikin injin, ɗaya na gaya masa inda zai tsaya a sama, ɗaya a ƙasa, na yi ta murɗa su ina hawa tsani ina sauka. Akwai kuma wata jar igiya da ke raba ƙofa da inji in ba wuta. Na nuna wa duk mutanen gidan ita.

Wutar ma ta ba ni aiki. Babu wutar gwamnati a unguwar a lokacin, wani janareto ne da injin niƙan Alhaji ke juyawa da bel, daga safe har a tashi aiki. Gwajin farko ƙofa ta hau rabi ta tsaya, injin yana gurnani. Na sake gwadawa ta hau lafiya, na sake ta tsaya. Na zauna ina saurare, sai na lura duk lokacin da aka zuba masara a injin niƙa muryarsa ta yi ƙasa, a lokacin ne ƙofa ke tsayawa. Wayar da aka jawo daga wurin niƙa siririya ce, ga nisa, wutar kafin ta iso ta galabaita. Na sauya ta da mai kauri, magana ta ƙare.

Sai gwajin ƙwarya. Littafin ya ce in ƙofa tana saukowa ta ci karo da wani abu, dole ta koma sama, kuma akwai sukurun da ke rage mata ƙarfi. Gidan Alhaji cike yake da jikoki. Na ce a ba ni ƙwarya, na kife ta a bakin ƙofa, na danna. Ƙofa ta sauko ta murƙushe ta. Na rage ƙarfi, na ce a ƙaro wata. Ita ma ta tafi. Da aka sake shiga nema, sai ga muryar Hajiya, uwargidan Alhaji, daga bayan ƙofar zaure.

"Malam Sani, ƙofa ka zo gyarawa ko ƙorena ka zo ƙarewa?"

Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri. Abin da ya fasa ƙwarya zai fasa kan yaro."

Sai ta ce, "A kai masa duka, har da ta furar Alhaji."

Ban sauka daga tsanin nan ba sai da ƙofa ta taɓa ƙwarya ta ja da baya, ƙwaryar ko tsagewa ba ta yi ba. Ranar rabin unguwa suka zo kallo. Alhaji ya shiga mota, ya danna 'yar akwatinsa, ƙofa ta tashi, ya fito, ya sake dannawa ta rufe. Na tattara kayana na koma Tudun Wada.

Duk rani ba abin da ya faru. Damina na kankama sai ga saƙo, Alhaji na nemana da gaggawa. Na same shi zaune a zaure, fuskarsa ba walwala. Ya ce ƙofa ta fara buɗe kanta. Ba mai taɓa ta, 'yar akwatin tana aljihunsa, sai kawai a ga ta tashi, wani lokacin ta sake saukowa. Kuma ba ta yi sai an yi ruwa. To akwai wata tsohuwar tsamiya a bayan garejin, kun kuwa san abin da ake faɗa a kan tsamiya. Magana ta bazu cewa mutanen ɓoye sun tare a garejin, su ke shiga da fita.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya za a yi. Amma mutane sun daina kawo marasa lafiya. Inna Kande, ungozomar unguwar, wadda a hannunta aka haifi yawancin waɗanda ke wurin, ta ce ba za ta sa mai naƙuda a motar da ke kwana da iska ba. A makon da ya wuce wata mata ta sha doguwar naƙuda, aka ɗora ta a amalanke zuwa bakin titi aka jira motar haya. Uwar ta tsira, ɗan bai zo da rai ba. Ba wanda zai ce da an sa ta a motar Alhaji da ya rayu, wannan sanin na Allah ne. Amma motar tana nan a ajiye da mai a cikinta.

Alhaji ya ce, "Cire shi, Sani. Cire komai, a koma wa gwafa."

Kafin in amsa, Hajiya ta yi magana daga bayan ƙofa. Ta ce, "Alhaji, ko an cire, sunan motar ya riga ya ɓaci. Cewa za a yi sun kore ka ne. In akwai dalili, a nemo shi a nuna wa mutane da idonsu."

Alhaji ya dube ni. Na ce a ba ni wurin kwana, zan zauna har in gano.

Ga yadda ake neman irin wannan ciwon, ku riƙe shi. Ba a taɓa abu biyu a lokaci ɗaya. Abin da ke ba injin umarni ya tashi biyu ne, 'yar akwatin hannu da maɓallin bango. Na fara zargin ta hannu, tun da ta iska take aiki. Na cire mata batir, na kuma cire abin da ke karɓar saƙonta a jikin injin. Na zauna jiran ruwa. Aka yi ruwa da hantsi, bai daɗe da ɗaukewa ba ƙofa ta tashi a gabana. To ba ita ba ce. Na kwance maɓallin bango gaba ɗaya na sa a aljihu, na naɗe bakin wayoyinsa biyu kowacce daban. Aka sake ruwa, ƙofa ta sake tashi. Masu leƙe suka watse da gudu. Daga nan na hau tsani na cire wayoyin maɓallin daga can jikin injin. Aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙofa ko motsi.

Ke nan ciwon yana cikin wayar, tsakanin inji da maɓalli. Na sauko in bi ta da ido, sai na ga ba na ganinta. Ni a kan bango na bi da ita da 'yan ƙusoshi, a fili. Ashe kafin damina magina sun zo sun yi wa garejin yaɓe kamar yadda ake yi kowace shekara, suka shafe ta da ƙasa mai ramno. Na sa bakin wuƙa na ɗan ɓanɓare wuri ɗaya kusa da inda indararo ke zubowa, sai ga hanyar gara. Ta bi ramnon ta cinye rigar wayoyin, jan ƙarfen biyu suna kwance tsirara, tsakaninsu bai fi kaurin gashi ba. In bango ya sha ruwa, ƙasa ta kumbura ta matse su su haɗu. Shi kuwa inji bai san bambancin wannan da yatsan mutum a kan maɓalli ba.

Ban gyara ba. Na mai da ƙasar na liƙe, na mai da wayoyin jikin inji, na bari bango ya bushe. Ranar da gari ya yi wasai, bayan la'asar, Alhaji ya tara liman da dattawan unguwa, aka aika wa Inna Kande. Ta zo tana dogara sanda, ta tsaya nesa. Mata suna leƙe ta zaure.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, alfarma nake nema. Ki zuba ruwan butar nan a bangon nan, daidai inda na yi zane. Wutar da ke wurin ba ta fi ta tocila ba, ba za ta ja ki ba."

Ta ce, "Kai me ya hana ka zubawa?"

"In ni na zuba, za a ce da abin da na karanta a ciki."

Ta dube ni ta dubi liman. Liman ya ce, "Zuba, Kande, da bisimilla." Ta zuba buta guda, aka ƙaro ta zuba. Muka tsaya. Ba abin da ya faru. Ƙasa ba ta shan ruwa da gaggawa, na san da haka, amma tsayuwar ta yi tsawo har wasu suka fara gyaran murya, wani ya ce shi zai wuce kasuwa. Sai inji ya yi ƙara, ƙofa ta kama hawa. Mutane suka ja da baya. Inna Kande ba ta gusa ba.

Na sa wuƙa na buɗe wurin a gabanta. Gara ta zubo tana watsewa, ga wayoyi biyu tsirara. Na raba su, na ɗauki ƙusa na haɗa su, ƙofa ta sauko. Na miƙa wa liman ƙusar ya haɗa, ta tashi. Inna Kande ta karɓa ita ma ta gwada. Sannan ta sunkuya ta ɗebi garar a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ce ta sa na ɗora yarinyar mutane a amalanke."

Liman ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, ya yi addu'a aka shafa. Ni kuma na zare tsohuwar wayar, na sa sabuwa a cikin bututun ƙarfe, na ɗaure shi a kan bango. Na ce duk mai so ya zuba ruwa. Yara suka yi ta kwarara har wurin ya zama taɓo, ƙofa tana tsaye.

Daga wannan aikin sunana ya wuce Kiru. Wani mai motocin haya a Bebeji ya kira ni, daga nan wani a Doguwa. Ba duka ne masu inji ba, da yawa nauyin nan na gefe kawai suke so don ƙofar sito ta ɗagu da hannu ɗaya. Masu injin kuwa ba wanda na ɗora wa ban sa waya a bututu ba, ban kuma nemi ƙwarya a gidansa ba.

Wajen kaka na koma Kiru in duba sarƙa in sa giris. Na tarar ƙofa a rufe, mota ba ta nan. Aka ce Alhaji ya tafi asibiti ɗauko wata mai jego da ya kai shekaranjiya. Ina kwance kayan aiki sai ga motar, ta tsaya a bakin garejin, don mota ba ta shiga lungun gidan matar. Inna Kande ce a gaba, rungume da jariri cikin zane, uwar tana gefenta. Alhaji ya danna 'yar akwatinsa, ƙofa ta kama hawa, wilin nan na babur da ya sha damina yana ta ƙiiƙii.

Inna Kande ta sauko a hankali, ta rufe kunnen jaririn da gefen zane. Na gaishe ta, na yi mata barka.

Ta ce, "Barka kadai. Mace ce, kuma da ƙyar aka sha, sai da likita ya sa hannu. Kai kuma, ɗan nan, hau ka ba abin nan naka mai. Tun daga asibiti take barci, kada ya tashe ta."

Na ɗauki gwangwanin giris na jingina tsani.